Farar dinya da kalar masara a kwarin Platte

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar la'asar, wani maƙwabcina a nan Agege ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, dubi abin da ɗanka ya turo daga Nebraska." Da farko na ɗauka auduga aka shanya a fili, sai da farin nan ya tashi sama gaba ɗaya, da hayaniya irin ta kasuwar Mile 12 da sassafe, sannan na gane tsuntsaye ne.

Farar dinya ce, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan dusar ƙanƙara, ko da yake ƙarshen fikafikanta baƙi ne. Takan yi hunturu a jihohin Texas, Louisiana da Arkansas na Amurka, kuma idan sanyi ya fara sassauci, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, sai ta yada zango a kwarin kogin Platte da ke jihar Nebraska kafin ta zarce can arewacin Kanada, irin su tsibirin Baffin, inda take saka ƙwai a watan Yuni.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne guzurin wannan tafiya. Kala take yi, kamar yadda mata da yara suke bin gona a ƙauyukanmu bayan an kwashe amfani. Takan kwana a kan ruwa, da gari ya waye ta bazu cikin gonaki tana tsintar masarar da injin girbi ya zubar tun kaka. Wannan ƙoshi, tare da ragowar shinkafar da take samu a kudu, ya sa waɗanda a da yunwa kan kashe suka riƙa tsira, har yawanta ya kai miliyoyi.

Amma ɓarnar a can arewa take bayyana, domin a gaɓar Hudson Bay, wani babban mashigin teku a Kanada, takan tone saiwar ciyawa da baki, ta bar ƙasa tsirara, gishiri ya taso, ciyawar ta kasa farfaɗowa. Shi ya sa a 1999 hukumomin Amurka suka sassauta dokar farautarta, aka yarda a harbe ta ko a lokacin wannan ƙaura.

Maƙwabcin nawa, wanda ya tashi a garin da ko yaro ba ya jifan shamuwa, bai ji daɗin batun harbin ba. Amma masarar ce ta fi tsaya masa a rai, domin ya sake kallon bidiyon ya ce, "Malam, a gonar mahaifina, idan mata suka gama kala, awaki suka bi baya, ko kurciya ba ta samun abin tsinta."