Abin da akuyar Inna ta koya mini

Lokacin da na fara bin malamin dabbobi zuwa ƙauyuka, kaina cike yake da sunayen cututtuka: sammore, kirci, ciwon hanta, ciwon huhu. Idan mun isa gida, a zaure muke tsayawa, maigida ya fito, mu tambaye shi. Na daɗe kafin na gane cewa ba shi ya kamata mu tambaya ba. Shanun huɗa nasa ne, amma awaki da kaji da zabi na matan gida ne. Su ke jiƙa dusa, su ke ajiye harawa saboda rani, su suka san wadda ta ci da wadda ta ƙi ci.

Wata rana wata tsohuwa ta janyo mini jar akuyarta har zaure. Akuyar ta rame, ƙashin bayanta duk a waje, amma ciki ya kumbura, ya yi tauri. Ina taɓawa na ce tsutsar ciki ce.

"Ɗan nan, ba tsutsa ba ce," in ji ta. "Kwana biyar ban ga ta yi tuƙa ba. Kuma tun da ciyawa ta ƙare, a juji take wuni."

Na ce, "Inna, ki dai ba ta maganin nan, za ta warware."

Bayan mako biyu aka yanka ta don kada ta mutu mushe. Da mahauci ya farka tumbin, sai ga dunƙulen leda da zaren buhu, sun murɗe sun cika cikin, har babu wurin abinci. Da kuɗin akuyar nan Inna ta yi niyyar sayen kwanukan auren jikarta. Ba ta faɗa mini baƙar magana ba, ni kuwa har yau abin yana ci mini rai. Da na saurare ta, da an sayar da akuyar tun tana da sauran nama, ko a kai ta asibitin dabbobi a yi mata aiki.

Tun daga nan na sauya tambaya. Kafin na taɓa dabba sai na ce a kira mini mai ita: yaushe rabonta da tuƙa, yaya kashinta yake, an shigo da sabuwar dabba daga kasuwa? Tambayar ƙarshen nan ta sha tona asirin annoba, domin mutum zai sayo tunkiya ranar kasuwa, da yamma ya ɗaure ta a turke ɗaya da na gida.

Haka ma rigakafin kaji. Akwai wanda ake yi a Vom ta jihar Filato saboda cutar da ke share kaji da hunturu, ɗigo ɗaya ne a ido, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu. Mu kuwa da hantsi muke zuwa, lokacin kaji sun watse kiwo, sai yara su yi ta gudu su kamo uku ko huɗu. Matan ne suka aiko a ce mana mu zo da asuba, kafin a buɗe akurki. Ranar da muka bi shawararsu, rana ba ta yi zafi ba mun gama da unguwar gaba ɗaya, har muka wuce ta gaba da sauran magani a cikin ƙanƙara.