Na ba ƙanina ƙoda, ga abin da ya biyo baya

Wata goma sha huɗu ƙanina ya yi yana wankin ƙoda, sau biyu a mako, duk da cewa sau uku likita ya rubuta. Iya ƙarfinmu ke nan. Ni nake ɗauko shi daga unguwar Bolari a Gombe a keke napep bayan sallar asuba, in zauna a benci awa huɗu ina kallon jininsa yana bi ta roba ya shiga inji ya dawo jikinsa. Hawan jini ne ya kashe masa ƙodojin duka biyu yana da shekara 31, kuma bai san yana ɗauke da shi ba sai da ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga.

Da aka fara maganar dashe, Inna ce ta fara tsayawa. Tambayarta biyu: ya halatta? Kuma ana yi a ƙasar nan mutum ya tashi? Ta biyun ba ta ba mu wahala ba, domin Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, na koyarwa na Maiduguri kuma a 2010. Ta farkon sai da Baffa ya kawo mata malaminsa har ɗaki. Ya yi mata bayanin matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda a 1988: ya halatta mai rai ya bayar idan da yardarsa, idan ba zai halaka shi ba, kuma ba saye da sayarwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta haramta cinikin sassan jiki. Na faɗi wannan ne saboda har benci wani mutum ya same ni, ya sassauta murya ya ce yana da yaro lafiyayye in muna da kuɗi. Na tuna Sanata Ike Ekweremadu da kotun Landan ta ɗaure a 2023 kan irin wannan, amma abin da ya fi tsaya mini a rai yaron ne, ɗan wani, wanda ba mai sake waiwayarsa bayan an cire.

Mu uku muka je gwaji, ni da Adda da wani ɗan Goggo. Ɗan Goggo rukunin jininsa bai dace ba. Adda kuwa ita ta fi kowa saurin cewa ta bayar a gaban dangi. A asibitin da muka je a Abuja akwai wata ma'aikaciya da ke ganin mai bayarwa shi kaɗai, ƙofa a rufe. Ta tambaye ni: “Malam, wa ya ce ka zo? In ba ka so, za mu gaya wa gida gwaji bai yi ba, ba wanda zai ji dalili.” Bayan shekara guda Adda ta ce mini a ɗakin nan ta fashe da kuka. Tana da goyo, mijinta bai yarda ba, kunya ce kawai ta kai ta. Da babu wannan ɗakin, da an yanka ta a kan kara. Duk asibitin da ke dashe ya kamata ya samu irinsa, kuma mai zama a ciki kada ya zama likitan majinyacin.

Ni aka ɗauka. Sun duba suga, hawan jini, ciwon hanta, fitsari, hoton jijiyoyin ƙoda, sannan suka haɗa jinina da nasa don ganin ko jikinsa zai yaƙi nawa. Ta hagu suka cire, saboda jijiyarta ta fi tsawo, ta fi sauƙin ɗinkawa. Nasa matattun ba a taɓa su ba, a ƙasan cikinsa aka dasa tawa. Washegari nas ta tura ni a keken marasa lafiya zuwa bakin tagar ɗakinsa, ta nuna mini ledar da ke rataye a jikin gado, cike da fitsari garau. Mutumin da ya yi watanni fitsarinsa bai cika kofin shayi ba. Na kasa cewa komai sai alhamdu lillahi.

A nan muka yi kuskure, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Mun sayar da fili a Tumfure, abokan aiki sun yi karo-karo, duka lissafinmu ya ƙare a ranar tiyata. Ba wanda ya zauna ya lissafa magani, alhali wanda aka yi wa dashe zai sha maganin danne garkuwar jiki muddin ƙodar tana jikinsa: takrolimus safe da dare, awa goma sha biyu tsakani, da maikofenolet, da firednisolon. An gaya mana, ba zan ce ba a faɗa ba, amma a tsaye aka faɗa ranar sallama, hankalinmu yana kan mota.

A wata na bakwai ƙanina ya fara shan takrolimus sau ɗaya a rana. Bai gaya wa kowa ba. Ya ga yadda muke fama, ya ce a ransa bari ya ja kwalin ya kai ƙarshen wata. Ba zazzaɓi, ba ciwo, yana zuwa shagonsa. Gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini mai nuna yadda ƙoda ke aiki, shi ne ya tona, ya hau kusan ninki biyu. Muka koma Abuja cikin dare, aka tsaga ɗan nama daga ƙodar da allura, aka tabbatar jiki ya fara ƙin ta. Kwana uku ana ɗura masa magani mai ƙarfi ta jijiya. Allah ya sa ta dawo, amma ba ta koma yadda take ba. Da muka keɓe na ce masa, “Auta, me ya sa?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Hamma, ka ba ni ƙoda, sai kuma in riƙa tambayarka kuɗin magani?”

Tun daga ranar muka sauya tsari. Mu shida a gidan kowa yana da abin da yake sakawa duk wata, kuɗin yana hannun Adda, kuma ba ma barin magani ya gaza na wata biyu a ajiye, domin ba kowane kemis ake samunsa a Gombe ba. Matarsa ce ke riƙe da littafi, tana rubuta awon jini da nauyi da sakamakon kowane gwaji. Mun samu likitan ƙoda a nan gida da ke duba shi, yana waya da na Abuja, abin da ya kamata a haɗa mana tun kafin a sallame mu. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ko wa ya kawo, ba ya sha. Batun azumi ma sai da ya tambayi likita.

Ni kuma ba wanda ya taɓa kirana daga asibitin bayan an cire zare, kuma wannan yana damuna, domin mai bayarwa ma majinyaci ne. Ƙodar da ta rage takan girma ta ɗauki mafi yawan aikin, amma ita kaɗai ce. Da kaina na tsara: awon jini duk wata, gwajin fitsari da kiriyatinin duk shekara, rage gishiri, gorar ruwa a jaka musamman a zafin Maris da Afrilu. Diklofenak da aibuprofen da nake saye a kemis in baya ya riƙe, na daina gaba ɗaya.

Makon jiya wani maƙwabcinmu ya yi mini sallama, ya ce zai ba matarsa ƙoda, yana tambaya ko yankan yana da zafi. Na ce da zafi, na mako biyu zuwa uku. Sannan na shiga na ɗauko takarda da biro, muka zauna a dakali muna lissafa kuɗin maganin shekara guda, da sunayen waɗanda za su ɗauka.