Robar da ke riƙe bayan Fijo

Ina da ɗan gareji a Garwa ta ƙasar Kamaru, ni da yara biyu, amma rabin aikina a ƙofar gidajen mutane nake yin sa. Masu tsofaffin motoci ba sa son motarsu ta kwana a waje, musamman dattawan da ke riƙe da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Tun 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga baya aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, shi ya sa har yau kayanta ke shigo mana ta Yola da Mubi.

Kwanan baya wani dattijo ya aiko a kira ni. Ya ce, “Ɗana, bayan motar nan ya daina bin gabanta.” Da jin haka na san robobin ƙafar baya ne, waɗanda mu a nan muke ce wa silambulok, 'yan Najeriya kuma su ce bushin. A ƙaramar 504 irin tasa kowace tayar baya tana da hannunta na ƙarfe, robar nan ce ke tsakaninsa da gadar da ke ɗauke da shi. Zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, yana busar da ita har ta tsattsage. Daga nan sai ƙara a kan gargada, mota ta riƙa kaucewa a kwana, taya ta cinye ta gefe ɗaya.

Tun ana gobe aiki da daddare nake sa a jiƙa notuna da kananzir, don tsatsar shekaru ba ta jin sufana. Da safe mu tokare tayoyin gaba, mu ɗaga baya mu ɗora a kan tsayayyun ƙarafa. Ba na barin yaro ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Jak ɗin kuwa ƙarƙashin hannun yake komawa, a sauke a hankali, domin sifirin a matse yake, in ya kuɓuce yana iya karya mutum.

Fitar da tsohuwar ne ke cin yini. A gida babu injin matsa, don haka sai in huda robar in ƙwaƙule ta, in zura zarto in yanka zoben ƙarfen da ya saura, ina dubawa kada haƙoran su taɓa hannun. Sabuwar kuma tun safe na roƙi Hajiyar gidan ta ajiye min ita a firji, sanyi ya ɗan tsuke ƙarfenta. Da doguwar kusa mai zare, da manyan wosha, da guntun bututu nake jawo ta ciki sannu sannu. Ba na yarda man inji ko giris ya taɓa robar, cinye ta yake yi.

Akwai masu yanko roba daga tsohuwar tayar babbar mota, kuɗin ba yawa. Ba na raina su, sun fitar da direbobi da dama daga daji. Amma ga motar da aka lallaɓa tun zamanin iyayenmu, nakan ce, “Baba, a ƙara haƙuri a nemo ta ainihi.”

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaurin ƙarshe. Da yawa suna tamke notuna mota na rataye, ƙafa na lilo. Da an sauke ta, nauyi ya murɗe robar, haka za ta zauna a murɗe har ta yage. Farkon fara aikina na yi wannan kuskuren, kafin damina ta wuce mai motar ya dawo, na sake aikin daga aljihuna, kunyar kuwa ta daɗe tana cina. Yanzu sai na sauke mota a kan tayoyinta, na girgiza ta ta zauna, sannan in kwanta a tabarma in ɗaure.

Bayan la'asar muka fita da dattijon hanyar Pitowa, shi ke tuƙi. Da muka hau gargada ya rage murya yana saurare, ni ma ina saurare. Bai ce komai ba sai da muka juyo, ya tambaye ni yaushe zan zo in duba masa na gaba.