Laraba a Gombe: Lulluɓin da ke Jikin Ƙwayar Halitta

Yau da safe, ina cikin koyar da ɗalibai yadda ƙwayoyin halittar jiki ke manne wa juna, sai wata ɗaliba ta yi tambayar da ta tsaya mini a rai har la'asar. Ta ce, "Malam, tunda furotin na wannan ƙwaya ya dace da na waccan, me zai hana su haɗe nan take?" Tambaya ce mai kyau, domin zanen da muka saba yi a allo yana nuna fatar ƙwaya sumul.

Fatar kuwa a lulluɓe take da dogayen zaruruwa na sukari da furotin, waɗanda masanin kimiyya Stanley Bennett ya raɗa wa suna gilaikokalis a 1963. A cikin ƙananan jijiyoyin jini, kaurin lulluɓin yakan kai nanomita 500 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali integirin, furotin da ke ƙulla mannewar, tsayinsa bai wuce kamar nanomita 20 ba. Na ce musu su tuna gonar dawa a hanyar Kumo cikin watan Satumba, inda wanda ke tsakiya ba zai iya miƙa wa na waje hannu ba sai an tankwara kara. Ga shi kuma zaruruwan na ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, saboda haka suna ture juna.

Bayan azahar na koma kan aikin masanin kimiyya Paszek da abokansa na 2014, wanda ya fi komai burge ni a wannan fanni. Sun nuna cewa a ƙwayoyin ciwon daji masu kaurin lulluɓi, da zarar integirin guda ya samu ya kama, sai ya janyo fatar kusa, ya matse zaruruwan gefe, ta yadda 'yan'uwansa za su fi samun sauƙin kamawa a daidai wurin. Ke nan lulluɓin yana rage yawan wuraren ɗauri, amma yana tattara su cunkus, ƙwayar kuma ta ƙara samun saƙon da ke hana ta mutuwa.

Da magariba tunanina ya karkata ga zazzaɓin cizon sauro, tunda damina ce, yara kuma suna ta kwanciya. Jajayen ƙwayoyin jini da cutar ta shiga suna fitar da wani furotin mai suna PfEMP1 a kan wasu ƙananan ƙuraje na fatarsu, su kama wasu furotin na bangon jijiya masu suna CD36 ko ICAM-1 da shi, su toshe hanyar jini. An kuma gano cewa idan cutar ta tsananta, lulluɓin bangon yana zubewa har a ga ɓurɓushinsa a fitsari. A ganina, duk ɗalibin da zai tsaya kan yaro mai suma saboda maleriya ya kamata ya san cewa wannan kariyar ma tana cikin abin da ya lalace a jikin yaron.