Gwaji bai nuna komai ba, amma ciwon yana nan

A shekarata ta biyu da fara aikin jinya, akwai wata malamar firamare da kusan duk wata sai ta zo asibitinmu. Kukanta ɗaya ne: ciki ya kumbura ya yi tam kamar ganga, ya riƙa murɗa mata, wannan makon gudawa, mako mai zuwa kuma ta kwana uku ba ta zagaya ba. An gwada bayan gida, an gwada jini, an yi hoton ciki, duk lafiya lau. Ta sha maganin olsa, ta sha na taifot sau uku saboda gwajin Widal, Flagyl kuwa ta mayar da shi kamar goro, ga jiƙe-jiƙen basir a gefe. Ni a raina na yanke cewa raki ne kawai da ita. Har yau wannan zaton yana damuna.

Wani likitan hanji ne ya zauna da ita, bai sake tura ta ɗakin gwaji ba. Ya ce, "Malama, ki yi haƙuri da tambayoyina. In kin zagaya, ciwon yana lafawa ko ƙaruwa yake? Ya taɓa tashin ki daga barci? Kin taɓa ganin jini? Kin rame?" Ta sunkuyar da kai tana amsawa. Kunya ce ta hana ta faɗin waɗannan tun farko, mu kuma ba mu tambaya ba.

A nan na fahimci abin da ake kira IBS, wato lalurar hanji mai saurin tashi. Hanjin ba shi da gyambo ko ƙari, sai dai saƙon da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa ya rikice, iska kaɗan ma sai ya ji ta da zafi. Ƙa'idar Rome IV ta 2016, wadda aka tsara wa likitoci don gane IBS, ta ce a duba ciwon ciki aƙalla rana 1 a mako cikin wata 3 na baya, tare da aƙalla biyu daga cikin alamu uku (alaƙa da bayan gida, sauyin yawansa, sauyin kamanninsa), wanda ya faro aƙalla wata 6 da suka wuce. Amma in akwai jini, rama, ƙarancin jini, ko ciwon ya fara bayan shekara 50, to bincike ya zama dole, ba a tsayawa kan IBS.

Batun abinci ya fi ba ni wahala. Tsarin rage FODMAP (wasu nau'ikan sukari da hanji ba ya tsotsewa da kyau) da Jami'ar Monash ta Ostareliya ta fito da shi yana rage albasa, tafarnuwa, wake, alkama, madara, mangwaro, kankana da zuma. To wace miya ce tamu ba albasa? Kuma mai ƙaramin albashi, in ka raba ta da ƙosai da alale, me ka bar mata? Shi ya sa ake yin sa na mako 2 zuwa 6 kawai, sannan a dawo da abincin ɗaya bayan ɗaya a gane wanda ke tayar da cikin.

Malamar ta sayi littafin rubutu tana rubuta abin da ta ci da yadda ta wuni. Bayan wata biyu ta kawo mini. Ɗanyar albasa da burodin safe ne suka fi fitowa, sai makon jarrabawa, lokacin da take raba dare tana makin takardun yara. Wake kaɗan bai dame ta ba. Ba ta warke ba, don ciwon yakan tafi ya dawo, amma ta ce, "Sista, yanzu ina shiga aji ba tare da na fara lissafin nisan bayi ba."