Kula da injin yankan ciyawa mai taya a Jos: fetur, baƙin mai da ajiyar rani

Injin da nake share harabar gidaje da filayen makarantu da shi a nan Jos shi ne mai manyan tayoyi biyu, wanda ake turawa daga baya. A gabansa akwai kai mai juyawa da ke riƙe da igiyar roba mai kaurin milimita 4, kuma yana cin faɗin kusan santimita 56 a tafiya ɗaya. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ɗaya da wanda ake ratayawa a kafaɗa, daga nan kuwa ɓarna take somawa. Na kafaɗa shi ne yawanci ake gauraya wa fetur da man 2T, wato baƙin man da ke ƙonewa tare da fetur. Mai taya tsarin injinsa irin na babur ɗin Boxer ne: fetur zalla a tanki, baƙin mai a mazauninsa daban. In aka zuba masa gauraye zai tashi, amma hayaƙi zai turnuƙe, filogi ya jiƙe ya yi baƙi, salansa ta fara toshewa.

Fetur a gidan mai nake saye, a jarkar da ba ta taɓa ɗaukar dizal ko kananzir ba. Na 'yan bumburutu ba na kusantarsa ko da layi ya yi tsawo, domin ramin da mai ke bi a cikin kafireta bai wuce bakin allura ba, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta isa ta tsayar da aikin yini. Na gidan man ma ina dubawa. Duk mai inji ya tuna Fabrairun 2022, lokacin da fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan ya lalata motoci a Abuja da Legas. Sai in zuba kaɗan a farar kwalba in ajiye ta minti goma. In da ruwa a ciki, zai kwanta a ƙasa, a ga layi tsakaninsa da man ƙarara. Sannan in tace da mazurari da tsabtataccen ƙyalle. Ba na sayen abin da ya wuce na mako biyu ko uku, don fetur yana soma lalacewa bayan kwana 30: mai saurin kamawar ya tsere, abin da ya rage ya yi danƙo.

Tankin kusan lita 1 ne, saboda haka dole a ƙara mai ana tsakiyar aiki, kuma a nan ne gaggawa ke jawo gobara. A kashe injin, a ba shi minti biyar ya huce, a share busasshiyar ciyawar da ta taru kan salansa, a goge gefen murfin tanki kafin a buɗe. Ina barin sarari kamar yatsa biyu a saman tanki, don mai yana kumbura in ya ji zafi. In ya zube, in goge, in tura injin gaba kamar mita uku kafin in ja igiyar tayarwa. Murfin kansa yana da 'yar ƙofar iska. In ta toshe, injin zai yi aiki minti goma ko sha biyar ya mutu kamar mai ya ƙare alhali tanki a cike. A sassauta murfin; in aka ji iska ta shige fuu, to ga matsalar nan, ba sai an je wurin bakanike ba.

Baƙin mai kuwa kowace safiya nake duba gejinsa a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Rabin lita ne ko fiye da haka kaɗan, kuma yawancin irin waɗannan injuna ba su da famfon mai ko matatarsa, fantsama shi ake yi a ciki. Shi ya sa nake tsayawa kan SAE 30 ko 10W-30. Mai kauri na 20W-50 da aka saba zuba wa tsofaffin motoci ba ya fantsama da wuri a sanyin safiyar Jos, sai fistin ya yi ta gudu a bushe kafin man ya saki. Sabon inji a yi masa juye bayan awa 5 na farko, don fitar da garin ƙarfe. Daga nan duk awa 50, in wurin da ƙura duk awa 25. A juye shi da ɗuminsa. Cikawa ya wuce layi ba gata ba ne, hayaƙi zai jawo, ya kuma jiƙa matatar iska. In geji ya nuna man ya ƙaru da kansa, yana warin fetur, allurar kafireta ce ba ta rufewa, fetur na gangarawa ciki. Kada a tayar sai an gyara an sake juye.

Akwai abin da ya shafi Jos musamman. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskarsa ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Inji yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato a nan ya yi asarar sama da kashi goma tun bai taɓa ciyawa ba, kuma fetur yana rinjayar iska a cikin kafireta. Saboda haka filogi yana saurin yin baƙi, matatar iska mai datti kuma tana ninka matsalar. Ta soso ina wanke ta da ruwan sabulu duk awa 25, ta bushe sarai, in ɗiga mata baƙin mai kaɗan in matse. Ta takarda ba a wanke ta, kaɗe ta ake yi, in ta yi duhu a sauya. Filogi in goge shi da buroshin waya, tazarar bakinsa a nawa milimita 0.7 zuwa 0.8, sabo kuma kowace damina. A watan Agusta, lokacin da tofa da gamba suka kai gwiwa, ba na shiga da cikakken faɗi. Rabi nake ci, in ɗaga kan injin in sare sama tukuna, sannan in dawo ƙasa. In murya ta fara shaƙewa, a ja baya ya numfasa, in ba haka ba bel ne zai ƙone.

Kafin hannu ya taɓa kan da ke juyawa, a cire hular filogi. In za a karkata injin, ɓangaren matatar iska ya kasance a sama, don kada baƙin mai ya malala cikinta. Igiyoyin roba su zama tsawo ɗaya. In ɗaya ta fi, injin zai yi ta karkarwa har boris ya tafi. Ciyawar da ta nannaɗe a wuyan kan ma tana cin boris, ina yanke ta da wuƙa duk yamma. Igiyar da ta sha hunturu takan bushe ta riƙa karyewa, sai in jiƙa ta a bokitin ruwa ta kwana. Masu sa wayar ƙarfe a madadinta suna wasa da idon mutane, balle a ƙasar Jos mai tsakuwa. Yara su yi nisan mita 15, mai aiki ya sa tabarau da takalmi sau-ciki.

Yawancin injunan da ke ƙin tashi a Afrilu, ajiya ce ta kashe su. Ruwa na ɗaukewa a ƙarshen Oktoba sai a jingine inji da ragowar fetur wata biyar. Ni ina zuƙe tankin, in tayar ya shanye sauran har ya mutu da kansa, in kwance notin da ke ƙarƙashin kofin kafireta da sifana mai lamba 10 ragowar ta tsiyaye. In yi juye, in cire filogi in zuba baƙin mai ƙaramin cokali ɗaya a ramin, in ja igiya a hankali sau uku, in mayar, in sake ja har in ji ta yi tauri, alamar bawul sun rufe, ƙura ba ta da hanya. Rufi da tsohon zane ya fi leda, don leda tana tara gumi.

In an riga an makara, alamun a bayyane suke: inji ya tashi da cok, wato marufin da ke rage iskar kafireta, ya mutu da an buɗe shi, ko murya ta riƙa hawa tana sauka. A sauke kofin kafireta, za a tarar da danƙo ruwan kasa mai warin tsohon fenti. A wanke da sabon fetur, a zare jet, wato ɗan ƙarfen da mai ke bi ta cikinsa, a bi raminsa da silin wayar lantarki guda ɗaya mai laushi, a hura, a ɗaga shi sama a ga haske ya ratsa. Allura ko ƙusa tana faɗaɗa ramin, daga nan injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi, sai dai a nemo sabon jet wurin masu sayar da kayan gyara a Dilimi.