Ɗakin da ba a buɗe mini ba

Aikina shi ne duba gida kafin a saya ko a kama haya. Yawancin masu kirana 'yan Zango ne, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, mazauna waje, wani a Amurka, wani a Jamus, wani a Jidda, sun tara ɗan abin da Allah ya hore musu suna son ajiye iyali a Ankara, babban birnin Ghana. Ba sa nan, saboda haka idona ne idonsu. Na fara aikin a hannun wani dattijon injiniya a Nima, ina riƙe masa tsani da tocila, kuma mafi yawan abin da na sani daga bakinsa na ji. Amma darasin da ya fi zauna mini a rai, ruwan sama ne ya koya mini shi.

A watan Janairu ne, hunturu ya busar da komai. Wani bawan Allah ya aiko ni in duba masa gida a wajen Alajo, ba nisa da kogin Odaw, don mahaifiyarsa ta bar gidan haya. Gida fes, sabon fenti ruwan madara, an manna tayil daga ƙasan bango har zuwa ƙugu. Na hau rufi, na gwada famfo, na kunna fitilu, na rubuta cewa bangon lafiya yake. Watan Yuni na kamawa ya kira ni da tsakar dare, muryarsa na rawa: ruwa ya shiga ɗakin tsohuwa har gwiwa, maƙwabta ne suka ɗauko ta.

Da gari ya waye na je. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk shaidar tana nan tun ranar farko. A bakin kowace ƙofa an gina ɗan dakali mai tsayin bulo ɗaya, wanda sai ka ɗaga ƙafa kafin ka shiga. Soket ɗin falo an ɗaga su sama da inda aka saba sa su. Ƙasan get ɗin ƙarfe tsatsa ta cinye shi, an shafe da baƙin fenti. A bayan tankin ruwa, inda mai fenti bai kai buroshi ba, ga layin laka nan a miƙe kamar an ja shi da igiya. Na ga dakalin nan da idona a Janairu, har na yi tuntuɓe da shi, amma ban tambayi kaina dalilin da zai sa mutum ya wahalar da ƙafarsa kullum a ƙofar ɗakinsa ba.

Wata dattijuwa mai sayar da koko da ƙosai a bakin layin ta dube ni ta ce, "Ɗana, da ka tambaye ni ai da na faɗa maka. Shekara nawa ina kwashe kayana a nan in hadari ya haɗu." Na ce, "Mma, kuskurena ne." Tun daga ranar, kafin in taɓa ƙofar gida sai na zaga unguwa. Ina duba inda kwata ta nufa, ko gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi, sannan in zauna da mai koko ko mai shagon kusa. Wanda ya san abin da ya faru ranar 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah, mutum fiye da 150 suka rasu, ba zai ɗauki maganar ruwa a garin nan da wasa ba. Haka masu saye a ƙasan madatsar Weija: ranar da aka buɗe ƙofofinta don rage ruwa, kyan gida ba ya hana shi shiga.

Danshi kuwa kusan kowane gida a Ankara yana da nasa. Tambayar ita ce daga ina yake zuwa. Wanda yake tasowa daga ƙasa yana tsayawa wajen mita ɗaya, fenti ya kumbura, wani farin gishiri ya fito a jikin filasta, ka shafa ya zubo kamar gari. Wannan yana nufin ba a sa abin tare danshi a tushen gini ba, ko an sa ya lalace. Wanda yake gangarowa daga sama kuwa rufi ne ko bututu. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne, don haka rubuta "akwai danshi" kawai bai taimaki kowa ba. Tayil da ake mannawa a ƙasan bango ba ya kashe danshi, tura shi sama yake yi, shi ya sa nake duba layin da ke saman tayil ɗin, in kuma ƙwanƙwasa shi da bayan makulli. In ya yi ƙarar fanko, ya rabu da bango.

Tsaga ita ce abin da ya fi tayar wa mai saye da hankali, kuma sau da yawa wadda yake tsoro ba ita ce abin tsoro ba. Siririyar tsaga mai kama da saƙar gizo a kan filasta yawanci bushewar siminti ce. Wadda nake tsayawa a kai ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗi a gefe ɗaya da tsukewa a ɗayan, wadda in ka zaga waje za ka same ta a daidai wurin. In ta wuce milimita 5, ko ƙofar kusa da ita ta fara cijewa, sai in rubuta a kira injiniyan gini. Maigidana ya koya mini wata dabara mai sauƙi: a shafa ɗan filasta a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan wata biyu ko uku. In ya tsage, ginin yana motsi har yanzu. Matsalar ita ce mai saye ba shi da wata uku, dillali yana ce masa akwai wani da ya riga ya kawo kuɗi. A nan abin da zan iya rubutawa shi ne na ga tsaga mai faɗi kaza, kuma zuwa ɗaya ba zai nuna ko ta tsaya ko tana ƙaruwa ba.

Gidajen bakin teku, irin su Teshie da Nungua da Chorkor, nasu ciwon tsatsa ne. Iskar gishiri tana ratsa kankare ta kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Za ka ga jan tabo a ƙarƙashin baranda, daga baya ɓangare ya faɗo. Haka rodin da ake bari tsaye a saman gini shekara da shekaru da niyyar ƙara bene in kuɗi sun samu. Kusan duk mai saye sai ya tambaye ni, "Zan iya ɗora hawa ɗaya a kai?" Ido ba ya ganin tushe, ba ya ƙirga rodin da ke cikin ginshiƙi. Dogon benen kanti da ya rufta a Achimota ranar 7 ga Nuwamba 2012 ya kashe mutum 14. Ga shi ƙasar Ankara tana girgiza: ta 1939 ta kashe mutum 17, kuma har yanzu mutanen Weija da Gbawe sukan ji motsi lokaci zuwa lokaci. Amsata a kullum ita ce sai an ga zanen ginin da takardar izini, sai kuma injiniya ya gwada.

Wuta ba na daɗewa a kanta. Ina buɗe akwatin, in duba ko akwai wayar ƙasa da gaske, wadda ke kai wuta ƙasa don kada ta ja mutum, in nemi alamar ƙuna a soket, in ga ko an haɗa waya da salatif a cikin silin. Dokar wayarin ta 2011 ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne zai yi aikin, don haka in na ga abin da ban yarda da shi ba, shi nake cewa a kira. Takardun fili ma ba fannina ba ne, amma ba na rufe rahoto ban rubuta cewa a je Hukumar Filaye a yi bincike ba, domin a garin nan an sha sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Rubuta rahoton ya fi duba gidan wuya. Da farko nakan jera komai yadda na tarar, daga get zuwa bayan gida, sai maganar hannun ƙofa da ya karye ta zo shafi na ɗaya, maganar ginshiƙin da ya tsage ta faɗa shafi na tara. Maigidana ya karanta wani ya ajiye, ya ce, "Yaro, mutumin nan a cikin jirgin ƙasa zai karanta wannan a waya, ya gaji da aiki. Abin da zai iya kashe shi ka fara faɗa masa." Yanzu abin da ya shafi rai shi ne a sama, sai abin da zai ci kuɗi mai yawa, ƙananan gyare-gyare su zo ƙarshe. Kowace magana da hotonta, da ma'auni a jikin hoton. Rahoton da Turanci nake rubuta shi saboda lauya da banki, amma sai na bi shi da saƙon murya da Hausa, domin sau da yawa mai yanke shawarar wata Hajiya ce a Mamobi da ba za ta karanta shafi goma ba. Ba na rubuta kuɗin gyara, farashin siminti da rodi ba ya zama wuri ɗaya, magini ne zai yi lissafi ranar da za a yi aikin. Kuma in an ce, "Malam, in saya ko in bari?" nakan ce ban san aljihunka ba, ban san abin da za ka iya jurewa ba, amma ga abin da gidan zai nema daga gare ka.

Dillalai ba sa son wannan, kuma na fahimce su, la'adarsu tana rataye da cinikin. An taɓa miƙo mini ambulan a bakin get wai kuɗin ruwa. Na mayar cikin girmamawa. Wanda ya aiko ni amana ya ba ni, kuma shi kaɗai ke biyana.

Sashen da na fi ba wa muhimmanci yanzu shi ne na wuraren da ban kai gare su ba: silin da ba shi da ƙofar shiga, sokawe da aka rufe da kankare, famfon da ban gwada ba don ranar babu ruwa a layin. Kwanan baya a unguwar Madina na duba wani gida mai ɗaki huɗu, ɗaya a kulle, aka ce ɗan haya ya yi tafiya da makulli. Dillali ya ce, "Ai duk iri ɗaya ne, Malam, rubuta kawai." Na rubuta cewa ɗaki na huɗu ban shiga ba, kuma kada a biya sai an buɗe. Mai sayen ya tsaya a kan haka. Bayan kwana shida makulli ya fito. Da muka tura ƙofar, warin ruma ya fara tarbarmu. Na haska tocila sama: silin ya yi ciki ya sauko, gara ta bi bango da hanyarta ta laka har cikin katakon rufi. Na soka sukundireba a azara ɗaya, ta shige har ƙota. Na ɗauki hoto, na auna, na ce a kawo tsani mu ga inda ta tsaya a sauran rufin.